Yini Ɗaya a Luksor: Shawarwari ga Matafiyi daga Zangunan Akra

Mutanen Nima da Maamobi sun daɗe da sanin hanyar Masar, domin ɗalibai na zuwa karatu Jami'ar Azhar, masu Umara da 'yan kasuwa kuma kan yada zango a Alƙahira idan sun bi jirgin EgyptAir. Wanda ya samu sarari a irin wannan tafiya ya dace ya ware yini guda domin Luksor, garin da ya zama fadar Fir'aunonin Sabuwar Daula, wato zamanin da ya faro wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Garin yana kudu da Alƙahira da fiye da kilomita 600, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin sama ko kimanin awa 10 a jirgin ƙasa na dare, kuma tilas ne matafiyi ya kammala batun biza a ofishin jakadancin Masar da ke Akra, ya kuma riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Abin da ke gyara wannan yini ko ya ɓata shi shi ne tsarin lokaci. Kogin Nilu ya raba garin biyu, kaburbura a yamma, manyan ɗakunan bauta a gabas, saboda haka ya kamata a tsallaka yamma da an idar da sallar asuba, tun rana ba ta ɗaga ba. Zafin Luksor kan wuce digiri 40 a lokacin bazara, kuma busasshe ne, ba kamar gumin bakin teku da mutumin Akra ya saba da shi ba, ta yadda zufa kan bushe kafin a gan ta, mutum ya galabaita bai ankara ba. Ruwa mai yawa da hula ko mayafi wajibi ne, watannin Nuwamba zuwa Fabrairu kuma su ne suka fi sauƙi.

A Kwarin Sarakuna, inda aka sassaƙa kaburbura fiye da 60 cikin dutse, tikiti ɗaya kaburbura uku kawai yake shigarwa, kuma yanzu da katin banki ake biya. Kabarin Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a watan Nuwamban 1922, yana da tikitinsa daban, sai dai sunansa ya fi girmansa, domin ɗan ƙarami ne, an kuma kwashe dukiyarsa zuwa gidan tarihi, amma gawar tana nan. Wanda kuɗinsa ba zai kai duka ba gara ya ƙara su a kan kabarin Ramsis na Shida, inda doguwar hanya ke gangarawa cikin dutse, rufinta shuɗi da zane ruwan ɗorawa wanda ya haura shekara 3,000 bai koɗe ba. Ɗakin bautar Sarauniya Hatshepsut da ke Deir el-Bahari bai wuce tsayawar awa ɗaya ba. Masu tasi da masu keken doki sai an yi ciniki an tsayar da farashi kafin a hau, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya saba da kasuwar Nima.

Bayan hutun azahar sai a koma gabas domin Karnak, wanda babban zaurensa ke da ginshiƙan dutse 134, mafi tsayinsu kusan mita 21, kuma ya cancanci awa biyu cur ba tare da gaggawa ba. Daga nan hanya mai tsawon kusan kilomita 3, wadda gumaka ke jere a gefenta aka kuma sake buɗe ta a 2021, ta nufi ɗakin bautar Luksor, wanda ya fi kyan gani bayan faɗuwar rana idan an kunna fitilu. A cikin harabarsa ne masallacin Shehu Abul Hajjaj, malamin ƙarni na 13, yake zaune bisa tsofaffin ginshiƙan Fir'auna, kuma har yau ana salla a cikinsa, don haka matafiyi na iya yin magariba a nan kafin ya nufi filin jirgi.