Darasi ga masu sana'a: kuɗin cikin waya da yaron shago

Wannan darasi na masu ƙananan sana'o'i ne a Cadakori, Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da ƙauyukan da ke kewaye: mai tebur, mai shayi, tela, mai cajin waya, mai tura kuɗi, da iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta shi yaran shago na zaune, don rabin maganar tasu ce.

Tun 2019 da jama'a suka fara ƙetarowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, da yawa ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu da waya. Yau wannan wayar ita ce akwatin jari. A nan ana amfani da Airtel Money da Moov Money. Masu sayo kaya daga Najeriya suna da OPay, PalmPay ko Moniepoint, musamman tun ƙarancin takardar naira na farkon 2023. Abin yana da amfani. Kuɗin cikin waya gara ba ta ci, gobara ba ta ƙonawa, ba a kuma ganin kumburinsa a aljihu in an tare mutum a hanya. Sai dai ɓarawo ma ya koyi hanyar, kuma shi ba ya fasa ƙofa. Kira yake yi, ya yi sallama, ya gaishe ka da mutunci, ya roƙi mabuɗi.

Mabuɗan guda biyu ne

Na farko lambar sirrin da kai ka zaɓa, wadda kake dannawa kafin kuɗi su fita. Na biyu lambar da kamfani ko banki ke turo maka a saƙo, mai aiki sau ɗaya, don a tabbatar kai ne ke riƙe da layin. Yawancin satar da ake yi wa ɗan kasuwa ta waya, sai ɓarawo ya samu ɗaya daga cikin waɗannan, kuma galibi daga bakin mai wayar yake samu ko daga bakin yaronsa.

Ma'aikacin kamfanin waya ko na banki ba ya buƙatar lambar sirrinka don ya gyara maka asusu. Duk wanda ya kira ya nema, ko da ya faɗi cikakken sunanka da na garinku, kashe wayar. Sanin suna ba hujja ba ce. Duk wanda ya taɓa tura maka kuɗi ya ga sunanka.

Kada lambar ta zama 1234 ko 0000, ko shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka. Kada a rubuta ta a takarda a soke a bayan waya. Wannan kamar kulle ɗaki ne a bar mabuɗi jikin kwaɗo.

Alat na ƙarya

A nan ne aka fi cutar masu shago, kuma yaro ake nema, ba maigida ba. A ce ranar kasuwa ce, maigida ya tafi masallaci ko sayen kaya, ya bar yaro da wayar shago. Baƙo ya zo da shiga ta kamala, ya ɗauki buhun shinkafa da jarkar mai, ya ce babu tsaba a hannunsa, zai tura. Ya danna, wayar shago ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan kamfani da adadin kuɗi daidai. Baƙon ya ce: "Yaro, ka ga alat, ko? Yi sauri, mota na jira na." Yaro yana jin nauyin tsayar da babba. Ya ɗora masa kaya.

Saƙon nan rubuta shi aka yi. Ana iya tura saƙo da ya yi kama da na kamfani, ana kuma iya haɗa hoton rasit a waya cikin minti ɗaya. Shaida ɗaya ce tak: ka shiga asusunka da kanka, a wayarka, ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru. In ba ta ƙaru ba, ba a biya ba, kome aka nuna maka. In ya ce matsalar sabis ce, to kaya su jira sabis.

Ga abin da nake roƙon masu shago. Ba ya isa ku ce wa yaro "ka kula". Yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba ba zai iya tsayar da dattijo mai babbar riga ba sai kun ba shi abin faɗa. Ku koya masa jimla ɗaya: "Baba, ka yi haƙuri, maigida ya ce kada kaya su fita sai ya duba da kansa." Da wannan laifin ya koma kanku, yaron bai yi rashin kunya ba. Ku kuma yanke adadi, ko jaka biyar ko jaka goma ta sefa gwargwadon ƙarfin shagon, wanda in ciniki ya wuce shi dole a kira ku. Sannan kada ku yi masa faɗa ranar da ya jinkirta wa mai gaskiya. In kun yi, gobe ba zai tsayar da kowa ba.

Ɗan uwan wannan dabara shi ne "na yi kuskure". Saƙo ya shigo cewa an tura maka kuɗi, sai kira ya biyo: wata murya tana kuka, wai kuɗin maganin uwarta ne ta tura maka bisa kuskure, don Allah ka maido. Mun san zafin rashi, shi ya sa wannan ke kama mu. Duba asusunka tukuna. In babu abin da ya shigo, magana ta ƙare. In da gaske kuɗi sun shigo, ka ce ta kai ƙorafi kamfanin su mayar mata ta hanyarsu, kada ka tura zuwa wata lamba dabam da za ta ba ka.

Lambobi shida na WhatsApp

Mai sayar da atamfa ko tela, cinikinsa rabi a WhatsApp yake. Mai son ƙwace shi yana sa lambarka a wayarsa, sai WhatsApp ya turo maka lambobi 6 a saƙo. Nan take ya kira, ya ce shi ɗan ƙungiyar 'yan garinku ne, za a yi taro ta waya ko za a raba tallafi, ka karanto masa lambobin don a sa sunanka. Kana karantowa, an fitar da kai, shi ya shiga. Daga nan sai ya bi abokan cinikinka da danginka da sunanka da hotonka: "Na shiga matsala, turo mini, gobe zan biya." Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Sunan da ka gina a baƙon wuri shi ake kashewa.

Akwai riga-kafi kyauta. A cikin saitin WhatsApp, wajen asusu, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa wasu lambobi 6 naka na kanka. Ka kunna yau. In wayarka da Faransanci take ko Turanci, ka nemi wanda ka yarda da shi ya kai ka wurin, amma ya kau da kai lokacin da za ka danna lambobin. A cikin saitin akwai kuma wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe na ɗan lokaci zai iya haɗa ta da tasa, ya riƙa karanta saƙonninka kana zaune. In ka ga na'urar da ba ka sani ba, cire ta.

Masu tura fim da waƙa: manhajojin da ake yawo da su waya zuwa waya, irin WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, ba wanda ya san abin da aka cusa musu. Kada a sa su a wayar da kuɗin shago ke ciki. Haka manhajojin ba da bashi cikin minti biyar. Da yawansu suna kwashe sunayen da ke wayarka, ranar da ka makara biya su tura wa surukanka saƙon cin mutunci.

Amanar da ke hannunku

Mai caji, mai gyaran waya, mai hoton takardu da mai tura kuɗi, ku sirrin mutane ke kwana a teburinku. Mun san dalilin da ya fito da mu daga gida. Masu ɗaukar mutane don kuɗin fansa da labari suke aiki: wane ne ke da kuɗi, wane ne ke da ɗa a birni mai turo masa, ina iyalinsa suke. Yaron shago da ke hira a majalisa cewa wance an turo mata kaza yau, ba da mugun nufi ba, yana iya jefa ta da danginta da suka rage can cikin haɗari. Abin da ya gani a wayar mutum ya tsaya a shagon.

Akwai al'adar da ya kamata a bari. Tsohuwa ta zo cire kuɗi, ta miƙa waya, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi mutane na layi. Mai tura kuɗin kirki shi ne zai ce: "Inna, kada ki faɗa. Karɓi, danna da kanki, na juya baya." Ba sai ta iya karatu ba. Wurin da maɓallan suke za ta riƙe, kamar yadda take riƙe ƙidayar mudu. 'Yarta ta zauna da ita yamma biyu, za ta iya.

Wanda zai bar waya wurin caji ya kulle ta, ko ya cire sim ya tafi da shi. A ƙaramar waya mai maɓalli, sim ɗin ne asusun. Ana iya sa wa sim kansa lambar sirri, amma a kula: in an yi kuskure sau 3 zai kulle, sai da wata doguwar lamba da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Ku adana wannan katin. Mai hoton takardu kuma ya goge hoton takardar gudun hijirar mutum da zarar ya buga, kada ya bar gurɓatattun kwafi a ƙasa yara su naɗe gyaɗa da su.

Idan yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza duk lambar da ya sani a ranar. Ba zargi ba ne. In wani abu ya ɓace daga baya, shi ma ya tsira daga tuhuma.

Tsohon layin gida

Da yawa sun ajiye layinsu na Najeriya sun koma na Nijar. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani. In asusunka na banki a kan wannan layin yake, saƙonnin bankin da lambobin tabbatarwa wurin baƙo za su riƙa zuwa. Ko dai ka riƙa sa masa kati kana amfani da shi lokaci-lokaci, ko ka sa bankin ya canza lambar. BVN da NIN, kowace lamba 11 ce, ba a karanta su ga mai kira, haka dogayen lambobin gaban katin ATM da guda 3 na bayansa.

"Daga ofis muke kira"

Duk aikin HCR da ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita kyauta ne: rajista, kati, tallafin jari, har maganar mayar da mutum wata ƙasa. Ba a sayar da gurbi. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ko Facebook mai cewa a danna nan a cike suna don samun jari, a kuma tura wa mutum goma, ba daga ofis ya fito ba. Mai cewa ka tura jaka biyu don a sa sunanka a sahun gaba, ɗan damfara ne, ko da ka san fuskarsa. In kana shakka, taka zuwa wurin karɓar ƙorafi ka tambaya baki da baki.

Idan an riga an yi

Kunya ce ke ba ɓarawo lokaci. Yaro ya gane an cuce shi da azahar, tsoro ya hana shi faɗa sai bayan isha'i, kafin nan an kwashe kuɗin an wuce. Masu shago, ku faɗa wa yaranku tun yau cewa wanda ya faɗa nan take ba za a dake shi ba, ba za a kore shi ba.

In wayar na hannunka, fara canza lambar sirri. In an sace ta, ka ari wata ka kira kamfanin layin da bankin su rufe, ko ka je wurin wakilinsu da takardar da aka yi rajistar layin da ita. In WhatsApp aka ƙwace, ka sake shiga da lambarka. Sabbin lambobi 6 za su zo wa sim ɗinka, kana sa su an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa mataki na biyu, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, don haka a sanar a masallaci da kasuwa cewa kada kowa ya tura kuɗi da sunanka.

Kada ka goge saƙonnin, ko na ƙaryar. Rubuta lambar da ta kira, da rana, da lokaci, da adadin kuɗin. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma ɗan gudun hijira yana da damar kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda kamar kowa. Ba kullum kuɗin ke dawowa ba, amma lambar da aka kai ƙararta ana iya rufe ta kafin ta kira maƙwabcinka. Mai jin tsoron zuwa shi kaɗai, ko wanda Faransanci zai ba wahala, ya fara biyowa ta wurin jami'in kariya. Akwai tafinta, kuma mace na iya neman mace ta saurare ta.