Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa ƙurar hunturu da tekun ƙanƙara?

Wani mai sauraronmu daga Kanan Bakashe, a jihar Maraɗi, yana tambaya: wai da gaske ne farar ƙurar hunturu dangin lakar da ke ƙasan tekun Antatika ce?

To malam, da ƙamshin gaskiya a maganar. Akwai wasu ƙananan tsirran ruwa da ake kira dayatom, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna zuƙar silika, wato sinadarin yashi da ya narke a ruwa, su gina wa kansu ɓawo mai kama da gilashi. Koguna ne ke kai yawancin silikar teku. A yankunan sanyi kuma ƙanƙara na niƙe duwatsu, in ta narke ta ƙara tata gudummawa.

In bazara ta shigo Antatika, tsirran kan yi yawa. Da sun mutu sai ɓawon ya nutse. Mafi yawansa kan sake narkewa, a hanya ko a bisa laka, igiyar ruwa ta dawo da silikar sama. Kaɗan ne ke binnuwa, amma a hankali ya taru ya zama laka mai kauri.

Haka ya faru a Bodele, arewacin Chadi, da Tafkin Chadi ya mamaye wurin shekaru kusan 7,000 da suka wuce. Ruwan ya janye, ɓawon ya bushe. Iskar da ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke kwaso shi cikin ƙurar hunturu ta nufo garuruwan Maraɗi irin su Mayahi da Tasawa, wani ma har ya tsallaka tekun Atlantika.