Sinadarin ƙarfe a lambun ruwa: daga saiwa zuwa tukunyar miya

Wasu gidaje sun fara shuka latas, alayyafo da tumatir a cikin bokiti ko bututun roba, ba tare da ƙasa ba. A irin wannan noma, duk abincin shuka daga ruwan da aka haɗa mata yake fitowa. Cikin abubuwan da suka fi saurin yi mata ƙaranci akwai sinadarin ƙarfe, wanda shuka ke bukata don ta yi koren ganye.

Alamar farko tana bayyana a kan sababbin ganyen sama: sai su yi ɗorawa, jijiyoyinsu kuma su kasance kore. Dalili shi ne ƙarfe ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo. Idan kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin ɗorawa, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci.

Sau da yawa ƙarfen yana cikin ruwan, shukar ce ta kasa shan sa. Ruwa mai kanwa-kanwa, irin na wasu rijiyoyin burtsatse, yakan sa ƙarfe ya daskare ya kwanta a gindin bokiti. Saboda haka a riƙa auna ruwan da takardar gwajin pH, a tsayar da shi tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya haura, a gauraya shi da ruwan sama mai tsabta, ko a ɗiga maganin rage pH kaɗan-kaɗan ana sake aunawa.

Miligiram 2 zuwa 3 na ƙarfe a kowace lita sun ishi yawancin kayan lambu. Takin Fe-EDTA yana aiki har zuwa pH 6.5, ga ruwan da ya fi haka kanwa, Fe-EDDHA mai jan launi ya fi dacewa. Jefa ƙusa a ruwa ba ya magani, domin tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha. A rufe bokitin: hasken rana yana lalata takin, buɗaɗɗen ruwa kuma wurin hayayyafar sauro ne.

Mu ma jikinmu da ƙarfe yake gina jini. Rashinsa ke kawo ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu da ƙananan yara, tare da kasala, jiri da farin ido. Ganye yana taimakawa, amma bai wadatar shi kaɗai ba. A haɗa da wake, hanta, nama ko kifi. Lemon tsami da ɗanyen tumatir suna taimaka wa jiki ya sha ƙarfen ganye, shayi kuwa yana rage shan sa, don haka a jinkirta shi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Takin shuka ba maganin mutum ba ne. A ajiye shi nesa da yara. Mai juna biyu ta je awo a asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka take, ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini. Rigakafi ya fi magani.