Laburare da Intanet: Aikin Gayya

Tun shekarar 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Amma wani ɗalibi daga ƙauyukan Doguwa, Kiru, Bebeji ko Tudun Wada sai ranar jarrabawa yake fara taɓa ta. A nan laburare zai taimake mu, domin layin intanet mai ƙarfi guda ɗaya ya ishi jama'a, kamar rijiyar unguwa.

Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, mai kai kwamfutoci da intanet makarantu da laburare. Sauran aikin namu ne. Makaranta ta ba da ɗaki, iyaye da ikilisiya su haɗa kuɗin sola, dagaci ya sa mai gadi, mu malamai mu koyar. Ƙofa kuwa a buɗe ta ga kowa, Kirista da Musulmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.