YADDA AKE YIN FILAN

Akwai wani abinci mai zaƙi wanda mutanen Sifen suke kira filan, mutanen Faransa kuwa suna ce masa kirem karamel. Da abu uku ake yin sa, watau madara, da ƙwai, da sukari. Ba abincin cika ciki ba ne, akan ci shi ne bayan an gama cin abinci. Tun zamanin Rumawa ake dafa ƙwai da madara da zuma a Turai. Bayan da mutanen Sifen suka ci ƙasar Meksiko a shekarar 1521, sai suka kai irin wannan dahuwa can, har yau kuwa ana yin ta ƙwarai a ƙasar.

Kayan kaɗan ne, amma aikin yana son natsuwa, gama duk gwanintarsa a wajen wuta take. Wanda ya yi gaggawa yakan yi hasarar ƙwansa da madararsa a banza.

Ga abin da zai ishi mutum 5: madara rabin lita, watau kofi 2, da ƙwai 4, da sukari babban cokali 10. Madarar shanu ko ta gari da aka dama, duk ɗaya ne, amma nono mai tsami ba ya yi.

Da fari akan sa wa madara ƙamshi. A zuba ta cikin tukunya da sukari cokali 4, a jefa ɗan itacen kirfa da ɓawon lemo kamar yadda mutanen Sifen suke yi. A fere ɓawon siriri, gama farin da ke ƙarƙashinsa yana da ɗaci. Ruwan lemon kuwa ba a sa shi ko kaɗan, don yakan tsinka madara. A ɗora a wuta, in ta fara tururi a sauke, a rufe minti 15 don ƙamshin ya shiga.

Mutanen Faransa sun fi son ƙamshin banila. Banila 'ya'yan wani tsiro ne mai yaɗo, asalinsa daga Meksiko. A dā in an shuka shi a wata ƙasa, sai ya yi fure amma ya ƙi yin 'ya'ya. A shekarar 1841 wani yaro bawa mai shekara 12, sunansa Edmond Albius, a tsibirin Reyuniyon, ya gano yadda ake barbarar furen da ɗan tsinke da yatsa. Da dabararsa ake aiki har yanzu a Madagaska, ƙasar da ta fi kowace noman banila.

Sa'ad da madara take hucewa, sai a juya kan sukari. A zuba sauran cokali 6 cikin wata ƙaramar tukunya da ruwa cokali 2, a ɗora a wuta. Kada a motsa da cokali, sai dai a riƙa karkata tukunyar a hankali. Da fari zai tafasa fari tas, sa'an nan ya soma ja. In ya yi launin zuma, nan da nan a sauke, a juye cikin kwano, a karkata har ya rufe gindin kwanon. Wannan narkakken sukari shi ne karamel. In aka ɗauke ido kaɗan sai ya yi baƙi, ya yi ƙauri da ɗaci, ba shi da sauran amfani.

A nan akwai haɗari. Ruwa yakan tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi, amma zafin karamel yakan kai digiri 170, yana kuma manne wa fata. Saboda haka yaro ba ya yin wannan aiki sai da babba a kusa, ba a kuma taɓa shi da yatsa don a ɗanɗana. In ya zuba wa wani, a yi maza a sa wurin cikin ruwan sanyi, a bar shi ya jima.

Sa'an nan a fasa ƙwai a kaɗa, amma ba har ya yi kumfa ba. A tsame kirfa da ɓawon lemo, a riƙa zuba madara a kan ƙwan kaɗan-kaɗan ana motsawa. In aka juye ta gaba ɗaya da zafinta, sai ƙwan ya dahu ya yi gudaji. A tace da rariya, kana a zuba a kan karamel ɗin, a rufe kwanon.

Ba a ɗora kwanon a kan wuta kai tsaye. Akan sa shi cikin babbar tukunya mai ruwan zafi, ruwan ya kai rabin kwanon, kamar yadda ake dafa alale cikin gwangwani. Ga dalili. Ƙwan da aka gauraya da madara yakan daskare a wajen digiri 80. In zafi ya yi yawa sai ya ƙanƙance, ya fid da ruwa, ya yi huji-huji kamar soso. Ruwan da ke kewaye da kwanon shi ne yake tare zafin wuta. Don haka a rage wuta, kada ruwan ya yi ta tafasa da ƙarfi. Bayan minti 40 a soka wuƙa a tsakiya. In ta fito ba abin da ya manne mata, ya dahu.

Sauran aiki haƙuri ne. A bar shi ya huce, kana a sa a firji ko cikin ruwan sanyi har awa 4. Cikin wannan lokaci karamel yakan jawo ruwa daga madara, ya narke. A zaga da wuƙa a bakin kwanon, a rufa faranti a kai, a kifar. Filan zai fito sumul, ƙasansa ya koma sama, karamel yana gangarowa ta ko'ina. Da ma an ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

TAMBAYOYI

1. Da waɗanne abubuwa uku ake yin filan?
2. Don me ba a sa ruwan lemo cikin madara?
3. Me Edmond Albius ya gano, a wace shekara?
4. Yaya ake sanin karamel ya isa saukewa?
5. Don me ake sa kwanon cikin ruwan zafi?