Darasi: Idan Mace Ta Kawo Kukan Duka, Me Za Mu Ce Mata?



A zangonninmu na Kumasi da Nima, idan aka ji ihu a gidan maƙwabci, nan da nan tsakar gida ta cika. A Manchester da Birmingham kuwa kowa ƙofarsa a kulle take, mace sai ta shekara tana shan duka babu wanda ya ji. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa dattijo ko uwar ɗakinta, yawanci amsa ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, aure ibada ne." Sai a mayar da ita, a ce an rufa asiri.

Mu duba abin da ya faru a Solihull, kusa da Birmingham, a watan Agusta 2018. Raneem Oudeh, Musulma 'yar shekara 22, ta rabu da mijinta, amma bai daina bibiyarta ba. A daren ƙarshe ta kira 999 sau huɗu, taimako bai iso ba, ya kashe ta tare da mahaifiyarta Khaola Saleem. Binciken da aka yi a 2022 ya gano sakacin 'yan sanda na cikin abin da ya jawo mutuwarsu. A 2025 aka fara tsari da sunanta, wanda ke sa ƙwararru a ɗakin amsa kiran 999. Hukuma ta amsa laifinta na rashin saurare. Mu ma za a tambaye mu.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba. Ya kuma koyar da cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zalunci. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da na mata. To a nan ƙasar mata da yawa danginsu na can gida, don haka jama'a ce danginta. Idan duka masu sulhun abokan mijin ne, wa zai tsaya mata?

Ga abin da ya kamata mu yi:

Na ɗaya, a saurare ta ita kaɗai, kada a fara da "me kika yi masa?" Kada kuma a kai wa mijin labari ba da saninta ba.

Na biyu, tsira da rai kafin sulhu. Lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari. Idan ya taɓa shaƙe ta ko ya yi barazanar kisa, a kira 999. Wadda ba ta iya magana, ta danna 55 a wayar hannu idan an nema.

Na uku, a nuna mata ƙofar taimako: Saheli a Manchester, Muslim Women's Network a Birmingham, da layin ƙasa na kyauta, 0808 2000 247, dare da rana.

Na huɗu, a cire mata tsoron takarda. Wadda ta shigo da bizar aure, aurenta ya mutu saboda cin zarafi, tana da hanyar neman izinin zama da kanta. A haɗa ta da lauya.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne. Amma a riƙa faɗa wa mai ɗaga hannu ma, domin shi ya fi buƙatarsa. Limamanmu su faɗa a huɗuba, iyayenmu mata su faɗa a wajen suna da biki.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya jiƙan Raneem da mahaifiyarta. Amin.