Tsotson Yatsa da Haƙoran Yaranmu

Iyaye, ku sa yaro ya haɗe haƙoransa, ku duba. Idan turame sun haɗu, amma na gaba sun bar ƙofa tsakanin sama da ƙasa, wannan ba wushirya ba ce. Sau da yawa aikin babban yatsa ne.

Tsotson yatsa ga jariri ba laifi ba ne. Yawancin yara sukan daina da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Damuwa takan taso wajen shekara 6, lokacin famfara, yayinda haƙoran girma suke fitowa. Yatsan yakan tura na sama waje, ya danne na ƙasa ciki, har gatsar gasasshiyar masara ta zama aiki. Yawan tura harshe tsakanin haƙora ma yakan jawo haka.

A gidajenmu na Kafanchan da Kagoro akan shafa shuwaka ko barkono a yatsan. Barkono dai yakan ƙare a ido. Gara a lura da lokacin da yaron yake tsotsan, gajiya ce ko tsoro, a kuma yaba masa ranar da ya ƙyale. In ya daina da wuri, ƙofar takan rufe da kanta. In ba ta rufe ba, a nemi likitan haƙori, ko da za a je Jos.